Mai Guga da Keburin Marigayi

Akwai wata mata mai sana'ar wanki da guga a wani gidan haya mai ɗakuna shida. Kowa a layin Mai Guga yake kiranta, manya da yara. Mijinta mai walda ne, ya rasu shekara biyu kafin abin da zan ba ku labari. Ko uku ne? Ku yi mini uzuri 'yan uwa, lissafin shekaru ya fara zame mini. Abin da na tabbata shi ne ya bar mata ɗaki ɗaya, da akwatin kayan aikinsa, da 'ya'ya biyu a makaranta.

Teburin gugarta yana barandar baya, inda iska take. A nan suke tsayawa ita da maƙwabciyarta, matar direba, kowacce da babban dutsen guga na lantarki a hannu. Wuta kuwa daga ɗaki ake jawo ta, daga wani ƙaton soket da marigayi ya kafa saboda injin waldarsa.

Abin da suke jawo wutar da shi wata siririyar waya ce ta kasuwa, fara sol, mai 'yar fitila ja a kai. A ido gwanin kyau. Sau biyu tana narkewa, sau biyu ƙanin mijinta yana zuwa ya murɗe ta, ya naɗe da baƙin tef.

Shi wannan ƙanin miji mai gyaran wuta ne. Nan-da-nan ake ce masa, don ba ya daɗewa a kan aiki. Aikin ma ba ya daɗewa a bayansa.

Wata safiya suna cikin guga sai matar direba ta ɗaga hanci.

"Yaya, me kika ɗora a wuta?"

"Ban ɗora komai ba."

Suna juyawa sai ga hayaƙi yana tashi daga gindin ƙofa. Wayar ta narke a daidai inda aka naɗe, gefen labule har ya fara baƙi. Mai Guga ta ruga ta kashe soket, ta fizge labulen ta tattake shi da takalmi. Allah ya kiyaye. Amma warin roba ba ya ɓuya, ya hau bene ya iske mai gidan.

Mai gidan tsoho ne, kowa Baba yake ce masa. Ba mugu ba ne, sai dai in ya faɗi magana ba ya son maimaitawa. Ya sauko a hankali yana dogara bango, ya tsaya ya daɗe yana kallon baƙin tabon da ke ƙasa.

"'Yata," ya ce, "jikokina uku a saman ɗakin nan suke kwana."

"Na sani, Baba."

"To ki ji ni. Ranar Asabar da safe zan sauko. Ku kunna duwatsun nan biyu, ku yi guga sa'a guda cur, ni kuma ina zaune. In na taɓa waya na ji zafi, ko na ga tef ko guda, an gama gugar lantarki a gidan nan. Zama ki zauna, ban kore ki ba. Amma sana'ar ki nema mata wani wuri."

Wani wuri ina? Duk masu kawo mata kaya gidan nan suka sani. Da guga take ciyar da yara, da guga suke zuwa makaranta. Ita ma matar direba da shi take rufa wa kanta asiri.

Kafin azahar labari ya kai wa Nan-da-nan. Sai ga shi a kan babur, da testar gwada wuta a aljihun riga kamar biron babban ma'aikaci.

"Matar yaya, an ce kin kusa gasa mana tsoho."

"Aikinka ne ya kusa gasa shi."

"Haba, wayar ce ta tsufa. Kawo in ɗan taɓa miki ita, minti biyar."

"Baba ya ce ba ya son ganin tef."

"Sai mu tura wurin a bayan kujera. Tsohon da da ƙyar yake ganin matakala?"

Ta harare shi. Ya sosa ƙeya, ya rage murya.

"To ga wata shawara. Wannan keburin na yaya da ke ƙarƙashin gado, me kike yi da shi? Ɓeraye ne kawai ke morarsa. Ki ba ni, ni kuma in kawo miki sabuwar waya a kwali, mai rami shida, har da fitila biyu."

Ashe nan aka dosa. Tun rasuwar yayansa yake zagayen keburin nan kamar kura da akurki.

Bari in gaya muku yadda keburin yake, don wannan kam na gan shi da idona. Baƙi ne, mai rigar roba, kaurinsa ya kai babban yatsan ƙato. Tsawonsa yadi talatin ne ko arba'in, ɗaya daga ciki. Marigayi ya naɗe shi a jikin tsohon wilin mota da ya yi wa ƙafafu da mariƙi. Da shi yake kai wuta duk inda aikin walda ya kira shi, ƙofar gida ko kan rufi. Masu walda na da, irin kayan da suke saye kenan. Na san wani ma a wata unguwa da na taɓa zama, shi nasa har jikansa ya gada. Amma wannan wani labari ne.

Mai Guga ta dubi ƙanin mijinta sama da ƙasa.

"Ka tuna mini, na gode. Da shi zan ja wuta."

"Yauwa. Sai in ɗauka in je in haɗa miki a shago."

"Ba inda za shi. Ni zan haɗa."

Nan-da-nan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke? Matar yaya, wuta fa ba sitaci ba ce. Ba ta san wasan ƙanin miji ba."

"Shekara goma sha bakwai ina miƙa wa yayanka filaya. Kana tsammani rufe ido nake yi?"

"Kallo daban, yi daban. Kaza ma tana kallon mahauci kullum."

"To ranar Asabar ka zo ka ga fawar kaza."

Ya hau babur yana girgiza kai. "Zan zo. Wallahi da sabon wando zan zo."

Bayan tafiyarsa matar direba ta matso, murya ƙasa ƙasa.

"Yaya, da gaske kin iya?"

"Ban iya duka ba. Abin da ban iya ba zan tambaya. Amma ba shi zan tambaya ba."

Suka jawo wilin daga ƙarƙashin gado su biyu, suna nishi. Ƙura ta yi masa riga. Mai Guga ta ɗauko tsumma mai ɗanshi ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta shiga warware keburin tana goge shi taƙi bayan taƙi.

Ku sani, yatsun mai guga suna da ido. Macen da take jin zare ɗaya da ya tashi a jikin shadda ba za ta wuce tsaga a jikin roba ba. Tana shafawa tana lanƙwasawa, tana kai shi haske. Tsakiyar lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Bakuna biyun ne suka lalace. Ɗaya ɓera ya ci, ɗaya kuma fulogin ya fashe, haƙoransa sun yi kore.

A wani wuri ta ga ɗigon fenti shuɗi. Ta tuna ranar da ya zuba, da faɗan da ta yi. Ta daɗe da babban yatsa a kan ɗigon kafin ta wuce.

Washegari ta yanke guntun bakin da ɓera ya ci, ta ƙulle a gefen mayafi, ta tafi layin masu kayan wuta. Ta wuce shaguna uku na samari, ta tsaya a na wani dattijo mai tabarau. Ta ajiye guntun a gabansa.

"Malam, fulogi nake so da soket mai rami biyu, waɗanda za su ɗauki wannan."

Ya juya guntun a hannu, ya dube ta ta saman tabarau.

"Wa zai haɗa?"

"Ni."

Ta shirya wa dariya, har ta tanadi amsa. Dattijon bai yi dariya ba. Tambayarta ya yi me za ta kunna, ta faɗa masa. Ya shiga ciki ya fito da baƙin fulogi mai nauyi, mai ƙafa uku masu kauri, da soket a cikin akwatin ƙarfe. Sannan ya yagi bayan kwali ya zana mata inda kowace waya za ta shiga.

Wayoyi uku ne a cikin keburin, kowacce da launinta. Launukan sun ɓace mini yanzu, kuma ba zan yi muku ƙage ba, kada wani ya riƙe maganar tsoho ya je ya cutu. Mai son haɗawa ya je wurin masani kamar yadda ta je.

Abin da na riƙe shi ne zancen ta ukun, wayar ƙasa. Dattijon ya ɗora yatsa a kanta.

"Wannan ita ake rainawa. Da yawa yanke ta suke yi su yar, wai ko babu ita wuta na zuwa. Gaskiya ne, tana zuwa. Amma ranar da wuta ta ɓalle a cikin dutsen guga, ko ta bi wannan wayar ko ta bi hannunki. Ki bar ta ta fi sauran tsawo kaɗan. In wani ya fizgi keburin, ita ce za ta zama ta ƙarshen sakewa."

"Haka marigayi yake yi. Ban taɓa sanin dalili ba."

"To yau kin sani. Allah ya jiƙansa, da gani ya san aiki."

Ranar Alhamis da hantsi ta shimfiɗa tsohon buhu a tsakar ɗaki, ta buɗe akwatin kayan aiki. Ta fito da filaya da sukundireba da sabuwar reza.

Yankan farko bai yi ba. Hannunta ya yi nauyi, reza ta ratsa rigar waje ta ɗan shafi ta ciki, jan ƙarfe ya leƙo kamar ƙwayar ido.

"Ai wannan kaɗan ne," in ji matar direba. "Ba mai gani."

"Wuta tana gani."

Ta datse wurin ta sake. Na biyu ma ta ɓata. A na uku ta gane dabarar: ba a dannawa, zagayawa ake yi a hankali, sai a lanƙwasa robar ta tsage da kanta. Ta fere bakin kowace waya daidai gaɓar yatsa, ta murɗe silin jan ƙarfen kamar mai tufka, ta ninka, ta cusa a raminsa, ta ɗaure sukuru har sai da wuyan hannunta ya amsa. Ko sili ɗaya ba ta bari ya leƙo ba. Maɗaurin fulogin kuwa a kan baƙar rigar waje ta matse shi, yadda ko an ja, rigar ce za ta sha wahala.

Ta yi wa soket haka shi ma, ta ɗaura wayar ƙasa a jikin akwatin ƙarfen. Akwatin kuma ta kafe shi a ƙafar tebur, kamu ɗaya daga ƙasa, saboda ruwan yayyafi.

Ba ta yi garajen sa wuta ba. Ta ciro batir da ƙwan tocila, ta gwada kowace waya daga wannan baki zuwa wancan, yadda ta sha ganin marigayi yana yi. Sau uku ƙwan tocilar ya kama inda ya kamata ya kama. Inda bai kamata ba, bai kama ba.

Saura abu ɗaya. Daga soket na ɗaki zuwa tebur bai wuce yadi goma sha biyu ba. Ragowar keburin fa?

"Ki yanke mana," in ji matar direba.

"Ba zan yanke ba. Yadda ya bar shi haka zai zauna."

Ta mayar da ragowar jikin wili. Kun san mai guga da ninki. Ta naɗe shi layi bisa layi, a matse, ba wanda ya hau wani a karkace, ta tura wilin ƙarƙashin tebur, har ta lulluɓe shi da tsohon zane don ƙura. Yadi goma sha biyun kuma ta bi da su gindin bango. Ranar Juma'a suka gwada na ɗan lokaci, suka goge riga biyu. Duwatsu suka yi zafi, kebur ya yi sanyi ƙalau. Matar direba har da rawa.

Asabar ta zo. Baba ya sauko da kujerarsa ta roba da agogonsa. Mutanen gida suka fito, kowa ya ƙirƙiri abin yi a tsakar gida. Nan-da-nan ya cika alkawari, ya zo da sabon farin wando mai kari kamar wuƙa.

Ya tsuguna ya dubi fulogin, ya jijjiga, ya ja. Bai motsa ba.

"Matar yaya, tsakaninki da Allah, wa ya haɗa miki?"

"Kaza."

Baba ya dubi agogo. "Bismillah."

Suka kunna. Kaya sun taru tun ranar da waya ta narke, aka shiga aiki ba kama hannun yaro. Minti goma, Baba ya sunkuya ya taɓa keburin a gindin bango. Sanyi. Minti ashirin, ya sake taɓawa. Sanyi. Mai Guga tana guga tana satar kallon ƙanin mijinta, shi kuma yana ta kallon sama.

An wuce rabin sa'a kaɗan sai Nan-da-nan ya zagaya bayan tebur. Ya ɗage zanen da ke kan wili, ya cusa hannu tsakiyar naɗin. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Baba! Taso ka ji. Ko ƙwai aka sa a nan zai dahu."

Baba ya taso, ya sa hannu, ya janye. Ya dubi Mai Guga.

Ta ajiye dutse ta zo ta taɓa da kanta. Zafi ne, ba ƙarya. Robar har ta yi laushi a can ciki. Ta je ta kashe soket, ta zare fulogi, ta dawo ta tsaya.

"Na gaya muku," Nan-da-nan yana juyawa yana kallon jama'a. "Na ce wuta ba aikin mata ba ce. Da yanzu muna ta neman guga, ba irin nata ba, na ɗiban ruwa."

Wasu suka yi dariya. Matar direba ta sunkuyar da kai, idonta ya cika.

"'Yata," in ji Baba, "kin ji da hannunki. Magana ɗaya na yi."

Ya kama kujerarsa zai ɗauka.

Mai Guga ba ta ji shi ba ma. Ta durƙusa, hannu ɗaya a kan naɗin, ɗaya a kan wanda ya bi bango. Nan zafi, nan sanyi. Kebur ɗaya, wuta ɗaya. Ta taɓa fulogin da ta haɗa, sanyi. Ta taɓa akwatin soket, sanyi.

Sai ta tuna wani hali na marigayi da ya sha sa ta faɗa. Ko a bakin ƙofa zai yi walda, sai ya warware keburin nan gaba ɗaya, ya baza shi a tsakar gida kamar hanjin rago. Ta yi ta mita wai ya hana ta shara. Shi kuwa sai ya ce, "Bar shi ya sha iska." Ita duk zatonta ƙyuya ce irin ta maza.

Ta miƙe tsaye.

"Baba, ajiye kujerar nan."

Ba a taɓa yi wa Baba magana haka ba.

"Ka yi haƙuri, Baba. Amma kawo hannunka." Ta nuna masa bango. "Taɓa nan. To taɓa nan kuma. In haɗina ne ya ɓaci, a bakin haɗin za a ji zafi. Ka ji a can?"

Baba ya taɓa fulogi, ya taɓa soket. "Ban ji ba."

"Laifina ne, ba na kebur ba. Ni na naɗe shi na matse, na kuma lulluɓe shi kamar mai zazzaɓi. Ɗan ɗumin da yake fitarwa ya rasa hanyar fita, ya taru a ciki. Ban sani ba, yanzu na sani. Ka ba ni wata sa'ar."

Baba ya juya wurin Nan-da-nan. "Kai mai gyaran wuta, haka ne?"

Nan-da-nan ya yi tari. "E to, ana samun haka. Kowa ma ya san wannan."

"Ka sani, ka ga naɗin, shi ne ka kira ni in dafa ƙwai?"

Wannan karon dariyar ba a kanta ta faɗa ba.

Baba ya ajiye kujera amma bai zauna ba. "To na ji. Sai dai ba za a baza mini yadi talatin a tsakar gida ba, yara na gudu, mata na zubar da ruwa. In sai an baza shi zai yi aiki, maganata tana nan."

Mai Guga ta dubi wilin. Ɗigon fentin nan shuɗi yana sama, yana kallonta. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da akwatin kayan aiki, ta ciro zarto.

"Kawo in yanke miki," in ji Nan-da-nan, har ya miƙo hannu.

"Matsa."

Ta auna daidai inda keburin ya iso ƙafar tebur, ta ƙara kamu biyu. Ta ɗora shi a kan guntun katako, ta take da ƙafa. Ta ce bismillah a hankali, ta ja zarto. Ja bakwai ko takwas, ya rabu. Ta share ido da bayan hannu sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

A gaban kowa ta kwance akwatin soket. A gaban kowa ta zagaya reza, ta lanƙwasa, robar ta tsage da kanta. Ta fere, ta murɗe, ta ninka, ta ɗaure, wayar ƙasa ta fi sauran tsawo kaɗan. Ta ciro batir da ƙwan tocila ta gwada. Ba wanda ya sake tambayar wa ya haɗa mata.

Nan-da-nan ya matsa kusa da wilin yana shafa ragowar.

"To matar yaya, tunda an yanke, wannan ragowar..."

"Ragowar ma tana da mai ita. Ɗauke hannunka."

Baba ya zauna, ya dubi agogo. "Daga farko."

Suka kunna. Minti goma. Ashirin. Rabin sa'a. Duk sanda Baba ya taɓa, sanyi. Sai ƙarar yayyafin ruwa da hucin dutse a kan tufa.

Nan-da-nan kuwa ya kasa zama. Ya fara daga bakin ɗaki a sunkuye, yana bin keburin da tafin hannu. Da bayansa ya gaji sai ya sa gwiwa a ƙasa. Ya bi gindin bango da rarrafe, ta gefen randa, ta bayan murhun matar direba, ta inda ake zubar da ruwan wanki, har ƙafar tebur. Ya koma ya sake. Sau uku yana wannan tafiya.

Da saura minti biyar ya ɗago kai. "Baba, nan kamar akwai ɗan ɗumi."

Baba ya taso ya taɓa wurin, ya taɓa gaba da shi kaɗan.

"Ɗumin hannunka ne. Tun ɗazu kake riƙe da shi."

Sa'a ta cika. Baba ya bi keburin da kansa tun daga fulogi har soket, bai bar ko taƙi ba. Ya miƙe da ƙyar yana dafa ƙugu, ya ɗauki kujerarsa.

"Ki ci gaba da aikinki, 'yata. Allah ya yi albarka."

Matar direba ta zube a kan tulin kaya tana dariya tana kuka.

Nan-da-nan ya miƙe yana kaɗe jiki, ya nufi ƙofa a saɓule. Farin wandon nan gwiwoyinsa sun koma kalar toka da ruwan sabulu, karin ya mutu murus.

"Ƙanina," Mai Guga ta kira shi, ba ta ko ɗago daga rigar da take gogewa ba.

Ya tsaya.

"Gobe ka aiko da wandon nan a wanke a goge. Muna nan, ba inda za mu."

Darasi: Kada ka yarda wanda ya raina ka ya yanke maka iyakar abin da za ka iya. Abin da ba ka sani ba ka tambayi masani, in ka yi kuskure ka amsa shi da bakinka, ka gyara a gaban kowa, don mai amsa laifinsa ba ya faɗuwa. Aikin wuta kuma ba ya son gaggawa da rufa-rufa, kuma kada a jona wa kebur kaya masu jan wuta sosai yana naɗe. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta, ko Allah zai sa wani ya tashi ya duba wayar da ke bayan kujerarsa tun yau.